Mai Riƙon Tiya a Bukoki

Shekarar da soji suka karɓi mulki ina aiki a gidan wata Madam a Filato, unguwar manya a Yamai. Daka nake yi da wanki, in famfo ya ƙi in ɗebo ruwa. Mijinta babba ne a wani buro, ofishin gwamnati. Har yau ban san aikin da yake yi ba. Abin da na sani mota ke zuwa ɗaukarsa, kuma a shekarun da mutane ke tonon gidan tururuwa suna neman tsabar hatsi, ɗakin ajiyarsa sai an sa kafaɗa ake rufe ƙofar.

Ni Bagobira ce, Madam Bazabarma. Kowa ya san abin da ke tsakanin Gobirawa da Zabarmawa, wasa ne tun na kakanni. Kowane ɓangare na cewa ɗayan bawansa ne, a zagi juna son rai, wanda ya yi fushi shi ya ji kunya. Haka muke da ita. In na shigo da safe sai ta dubi zanen da ke kumatuna ta ce, "A'a, baiwata ta iso. Wace mussa ce ta sake yakushe ki jiya?" In ce, "Sannu da hutawa, baiwata. An ci ganyen an ƙoshi? Akuyar gidanmu na gaishe ki, ta ce don Allah ku rage mata." Mu yi dariya har da tafawa. Daga nan ta koma kan kujerarta, ni in nufi turmi. Shekara da shekaru ina kiran matar nan baiwata, ban taɓa ganin ta ɗauraye ko ludayi ba.

A Bukoki nake zaune, lokacin unguwar duk bukkoki ce da ƴan ɗakunan laka. Mijina tela ne a bakin kasuwa, a shekarar da ba mai ɗinka ko hula. Zana ɗaya ta raba mu da maƙwabciyata, ita ma Bazabarma, haifaffiyar Yamai, ita ma daka take yi a gidajen mutane. Tare muke fita, tare muke dawowa, in ta samu dusa ta raba biyu. Da ita ba na wannan wasa. Na taɓa gwadawa farkon zamanmu, na ce mata baiwata, sai ta ajiye tsintsiyar hannunta ta dube ni. Daga baya wata ta ja ni gefe ta gaya mini kakarta baiwa ce ta gaske, sayo ta aka yi, kuma har ranar nan in ana biki a gidan iyayengijin kakar, ita ake aika wa ta zo ta yi daka, ba a tambayar ko tana da wani aikin. Tun daga nan na kama bakina.

Ana cikin wannan fari yayata ta iso daga gida. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, ita ce babba, ni ce auta. Mace ce mai gidan kanta, rumbunta daban da na miji, ga awaki, ga gonar da mijin ya yanka mata take nomawa da hannunta. Fari ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Mijin ya yi kudu neman abinci, shiru kake ji. Ta kwaso ƴaƴanta ta hau bayan wata kamiyo, babbar mota mai ɗaukar albasa. Da ta sauka ban gane ta ba sai da ta yi magana. Ƙaramar ɗiyarta, wadda aka ce mini ta fara gudu, ta koma ko zama ba ta yi sai an tokare ta da tsumma.

Ba ta daɗe da zuwa ba muka wayi gari radiyo na kiɗan soji. Kudeta, haka muka ji ƴan lakol, masu boko, na faɗi, wato juyin mulki. Abin da kunnena ya ɗauka cikin kwanakin nan shi ne manya sun ɓoye abinci talaka na mutuwa, to an gama wannan. Ba sauran babba da ƙarami, ba sauran Bahaushe da Bazabarme da Buzu da Bafillace, kowa ɗan ƙasa ne. Ni kuwa na yarda. Na yarda har cikin raina, na yi guɗa a tsakiyar hanya. Mun ga an buɗe ɗakunan ajiya, mun ga buhuna na fitowa. Wanda bai ga yunwar nan ba ba zai san daɗin ganin buhu bisa kafaɗar soja ba.

Aka zo aka ɗauki mijin Madam, da wata mota daban. Gidan kuma ashe na gwamnati ne, aka ce ta tashi. Ni na ɗaure mata kaya, ni na ɗauki akwatin zannuwanta a kaina har bakin Bukoki, inda ƙanen babanta ke da wani tsohon gidan laka. Tana bayana da laima tana kuka ƙasa-ƙasa. Da muka iso ta ce, "Kala suru, Bagobira, ba ni da abin riƙe ki yanzu." Wato in yi haƙuri. Mulkin talakawa ya fara mini da rasa aiki, amma ban damu ba. Na ce a raina gobe tamu ce.

Sai aka yi shela cewa za a raba hatsin taimako unguwa-unguwa. Aka ce mata su zaɓi ɗaya daga cikinsu ta riƙe tiya, kwanon awo, tunda mata ne suka san gidan da ake hura wuta da bakin da ke cikin kowane gida. Shelar tana da wutsiya. Rabon na ƴan unguwa ne kawai. Waɗanda fari ya koro daga ƙauye su tafi sansani a bayan gari, can za a ba su nasu, in damina ta matso kuma kamiyo ta mayar da kowa garinsu. Mun san sansanin nan. Ƙyanda ta shiga cikinsa, kullum da hantsi ana fitowa da yara cikin tabarma.

Yayata ta ce, "Auta, in kin kai ni can, ki wuce da wannan kushewa kai tsaye, ki rage wa kanki tafiya biyu." Tana nuna ƙaramar.

Na ce, "Yaya, ba inda za ki. Mai riƙon tiya ita ke faɗin wane ne ɗan unguwa. To ni zan riƙe ta."

Ba cika baki na yi ba. Duk Bukoki an san muryata. Ni ke tsayawa in an zo rushe bukkar wata, ni ke zagin mai famfo in ya tsallake tulun tsohuwa. Kuma ga radiyo na bayana.

Aka taru da hantsi ƙarƙashin bishiyar ƙofar mai unguwa. Ba wanda ya ce a zauna haka, amma matan Hausawa suka yi gabas, matan Zabarmawa suka yi yamma, ƴan Fulani da Buzaye da ke cikinmu suka tsuguna can gefe inda inuwa ta ƙare. Aka turo mana wani sarjan, saurayi dogo, Hausa a bakinsa kamar ruwa, Zabarmanci ma haka, har ban iya cewa ga ƙabilarsa ba. Ya ce zamanin ƴan gata ya wuce, a tsayar da mace wadda ta san yunwa.

Bai rufe baki ba na miƙe. Na ce ni na san yunwa, na san ta kamar yadda na san mijina. Na ce hannun nan ya daka hatsin manya shekaru yana komawa gida da dusa, yau a bar shi ya auna wa ƴan'uwansa tsaba. Na faɗi abubuwa da yawa. Aka yi tafi, har ɓangaren yamma aka yi, matan Zabarmawa na cewa Bagobirar nan ba ta da tsoro. Sarjan na gyaɗa kai.

Sai wata Hajiya mai sayar da goro, ita ce babba a cikin matan Hausawa, ta yafuto ni da yatsa. Na je na durƙusa, don ta isa ta haife ni.

Ta ce, "Ɗiyata, bakinki ya yi daɗi, Allah ya yi albarka. Amma ba ke ce ta gidan mahautan nan ba? Na san garinku, na sha sayen goro ina kaiwa can."

Na ce, "Ni ce, Hajiya. Ubana mahauci, kakana mahauci."

Ta ce, "To kin gani. Ba raini ba ne wallahi. Amma a ce Hausawan Bukoki kaf an rasa wadda za a tsayar sai ɗiyar mahauta? Da wane ido za mu dubi Zabarmawa a kasuwa?"

Na ce, "Hajiya, naman da kike ci daga sama yake faɗowa?"

Ta ce, "Ina ci. Ban ce ba na ci ba. Koma ki zauna."

Na waiwaya in ga wadda za ta tsaya mini. Matan da muke layin famfo tare, waɗanda na yi wa faɗa da bakina, kowace ta samu abin gyarawa a bakin zanenta. Zabarmawa ba su san mahautan Gobir ba, ba ruwansu, su da sun karɓe ni. Nawa ne suka san ni.

Hausawa suka tsayar da surukar Hajiya. Yamma ta ɗauki hayaniya. Wata ta ce da Hausarta ta kasuwa, "Bahaushiya da tiya? Gobe mu je mu sayi hatsinmu a rumfar goro!" Su kuma suka tsayar da matar mai unguwa. Gabas ta tashi. "Tun zamanin Nasara buro naku, kaki naku, yanzu tiya ma taku?" Sarjan ya ɗaga hannu yana cewa ba Bahaushe ba Bazabarme, ba wanda ya ji shi. Fulani da Buzaye dai ba wanda ya tambaye su, su ma ba su ce a tambaye su ba.

Na ga tiya za ta kuɓuce, sai na sake miƙewa. In ba ni ba, to wadda za ta ji maganata. Na nuna maƙwabciyata. Na ce ga wadda aka haifa a nan, ta san kowane gida, tana jin harshen kowa, ba ta taɓa ɗaukar allurar wani ba. Matan Hausawa suka dubi juna. Su a wurinsu Bazabarma ce talaka mai hankali, ba ta da rumfa ba ta da mai unguwa. Har Hajiya ta ce, "Wannan kam ba laifi."

Can ta yamma wata yarinya ta toshe baki da mayafi, dariya ta kuɓuce mata. Matar mai unguwa ta faɗi wata gajeriyar magana da Zabarmanci, a hankali, kamar mai tambayar lafiya. Ban ji duka ba, na dai ji sunan gidan iyayengijin kakar maƙwabciyata. Maƙwabciyata ta sunkuya ta ɗauki takalmanta, ta koma can baya kusa da Buzaye.

Rana ta take. Yara na kuka, sarjan na share zufa da hularsa. Lokacin nan Madam ta iso da laimarta, ta sa zane marar ado, ta tsaya daga nesa kamar wadda ta zo gaisuwar mutuwa. Ita ma yanzu ƴar unguwa ce, ta zo ta ji yadda za a yi da rabonta.

Hajiya ce ta fara ganinta. Ta ce, "To ga ɗiyar mutane. Ɗiyar gidan sarauta ce, da ƙoshi ta tashi, idonta ba zai rufe a kan tiya guda ba. Kuma goggonta Bahaushe take aure, tamu ce." Matar mai unguwa ta ce ai su ba su da ta cewa, gidan su Madam ko a yamma ba a wuce shi da takalmi. Abin da ya gagara tun hantsi, a nan take gabas da yamma suka zama ƴan ƙasa ɗaya.

Sarjan ya ce, "Ba wannan ce mijinta ke hannunmu ba?"

Mai unguwa ya ce, "Mijin kuka kama, ranka ya daɗe. Ita mi ta yi? Kuma tana jin Faransanci, in manyanku suka zo dubawa akwai mai yi musu magana."

Sarjan ya dubi rana, ya dube mu, ya ce, "Ku kuka zaɓa."

Bayan shekaru, ina da jikoki, na shiga ajin yaƙi da jahilci, a can na koyi riƙon alƙalamin da nake rubuta wannan da shi. Wata rana mushe, wato malamin ajin, yana koya mana tarihin ƙasa ya ce a juyin mulki na ƙasa ke hawa, na sama ya sauko. Na ɗaga hannu na ce, "Mushe, a ina aka yi wannan? In da mota zan je in gani." Ya ce in bar shi ya gama darasi.

Mu koma kan tiya. Washegarin zaɓe na tafi gidan Madam. Na iske ta tsugune gaban murhu tana fifita ɗanyen icce, hayaƙi ya sa idonta ja, ga turmin aro a gefe ba wanda ya taɓa shi. Na karɓi mafici na gyara wutar, sannan na gaya mata zancen yayata. Na ce in an zo kanta ta ce ƴar unguwa ce, shi ke nan.

Ta ce, "Hajiya ta san ba ƴar unguwa ba ce. Kowa ya sani. Kina so a ce matar wanda aka kama ta fara da ƙarya?"

Na ce, "Ƙarya ɗaya, Madam. A gidanku na Filato na ji waɗanda suka fi ta girma, ban gaya wa kowa ba."

Ta yi kamar ba ta ji ba. Ta dubi turmin, ta ce, "Yayar taki tana da ƙarfi?"

Na ce, "Da tana da shi."

Ta ce, "Allah ya kai mu ranar."

Ranar rabo kamiyo ta sauke buhunan jar dawa ta ƙasar Turawa, wadda aka ce can shanu ake ba. Ba mu tsaya tambayar shanun ko sun yafe ba. Aka kawo wa Madam kujera daga gidan mai unguwa, aka miƙa mata tiya. Ta juya ta a hannu, ta dubi bakin buhu can ƙasa. Ɗiyar gidan sarauta ba ta duƙawa gaban jama'a, ballantana ta duƙa wa kowace mace a Bukoki ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗaga ido ta hango ni cikin layi.

"Bagobira! Zo ki riƙe mini wannan."

Haka tiya ta zo hannuna. Ita tana bisa kujera tana cewa wannan gidan bakinsu kaza, ni ina duƙe gabanta ina aunawa. In ka cire soja da bishiyar, Filato ce sak. Awon dai nawa ne. Na yi shi irin na kasuwar garinmu, a cika tiya ta yi tozo, a kare gefenta da damtse don tozon ya ƙara tsayi. Madam ba ta san ana wani awo daban ba, sarjan kuma ya kau da kai.

Layi na tafiya har aka zo kan yayata. Ta goya ƙaramar, sauran na riƙe da zanenta, ta miƙo ƙwarya. Ban kai ga buhu ba Hajiya ta yi gyaran murya daga inda take zaune.

"Wannan baƙuwa ce. Ba mugunta ba, amma in aka buɗe wannan ƙofa kowa na da ƴan'uwa a ƙauye."

Sarjan ya matso. Ya ce, "Baiwar Allah, yaushe kika zo garin nan?"

Yayata ba ta iya ƙarya ba, shi ne babban aibinta. Ta buɗe baki za ta faɗa. Sai Madam ta yi magana daga kan kujera, da muryar nan tata ta safiya a Filato.

"Sarjan, bar ta. Dubi kumatunta. Duk mai wannan yakushin baiwata ce, gadonsu na yi. Ta gidana ce. Baiwa kuma inda uwargijiyarta take nan ne garinsu."

Wasu suka fara dariya, suka ga fuskar sarjan suka haɗiye. Ya tsaya ƙiƙam. Ya ce, "Madam, ba bawa a ƙasar nan. Maganar nan ita ta kai irin mijinki inda suke."

Ba yadda za a yi ɗan ƙasar nan bai san wasan Gobirawa da Zabarmawa ba. Ya sani. Mene ne kalmar ta taɓo masa a nasa gidan, wannan ban sani ba, ban kuma tambaya ba. Abin da na sani, wasa sai an rama yake zama wasa. In yayata ta yi shiru, magana ta zama ta gaske, Madam ta shiga uku, ita kuma sai sansani. Ni ba dama in rama mata, ba ni aka jefa ba.

Yayata ta ajiye ƙwaryar a ƙasa. Matar da tun zuwanta ban ji ta ɗaga murya ba, ta gyara goyo, ta dubi Madam sama da ƙasa kamar mai tayin akuya.

Ta ce, "Wa ke baiwar wa? Ranka ya daɗe, kakana ya sayi kakar wagga da kwando guda na ƙaiƙayi, kuma har ya mutu yana cewa an cuce shi. Ba ta iya daka ba, ba ta iya tuwo ba, sai cin ganye. Ga jikar nan ka gani, an ba ta tiya ta rasa ina ne bakinta."

Kafin a gama shan wannan ta miƙa hannu ta zare laimar daga hannun Madam, ta ɗora bisa kanta da goyonta. "Baiwa cikin inuwa, uwargijiya cikin rana? Lalle duniya ta lalace, gara da soji suka zo."

Bukoki ta fashe. Gabas da yamma har da riƙe ciki, mai unguwa na dukan cinya, Hajiya kanta goro ya sarƙe ta. Madam na zaune rana na dukan goshinta, dole ta yi dariya, don in ta ɓata rai ta ba da Zabarmawa duka. Ta ce, "Kun gani ko? Haka suke, ba kunya, ba godiya." Can sarjan ya ja tsaki, gefen bakinsa ya ɗan saki, ya ce, "Gobirawa da Zabarmawa, ku kuka san haukarku. Auna mata."

Na duƙa na cika tiya, na sa damtse har da haɓa. Ina shirin juyewa cikin ƙwaryar yayata Madam ta ce, tana murmushi, "A'a. Juye cikin buhuna. Ta gidana ce, sarjan shaida ne. A can za ta ci, ita da yaran."

Ba wanda ya ga abin magana a nan, ana ta share hawayen dariya. Na juye.

Mai bin yayata a layi maƙwabciyata ce. Duk abin nan a kan kunnenta aka yi shi. Ita kaɗai ce cikin taron ban ga haƙoranta ba. Na auna mata, ta ce, "Fofo," irin godiyar da ake yi wa mai awo a kasuwa, ta ɗora ƙwarya a kai ta wuce. Ba a daɗe ba ta tashi ta koma hayin gulbi, Kirkisoi, inda ta ce ba wanda ya san kakar kowa. Ban tsammanin ta samu haka, Yamai ba ta da girman nan.

Da la'asar yayata ta kwashe tabarmarta ta koma gidan Madam. Aka ba ta rumfar bayan gida. Kafin a kira magariba ana jin dakanta daga ƙofata. Da sassafe kuma in na wuce sai in ji suna yi. "Baiwata, ruwan wanka." "Ga shi nan, baiwata, Allah ya sa ki narke." Su yi dariya. Ba a yi zancen lada ba, ai ƴar gida ba a biyanta. Yaran dai na cin tuwo. Ƙaramar ta fara zama da kanta, ta kama bango, wata rana na gan ta tana bin kaza.

Da hadari ya fara haɗuwa a gabas, kamiyo suka zo kamar yadda aka faɗa. Aka kwashe sansani, aka bi unguwa-unguwa ana fitar da baƙi, kowa da ɗan ƙullin iri, a je a yi shuka. Ba wanda ya leƙa gidan mai riƙon tiya. Na fita bakin hanya ina kallo, sai na ji ana kirana daga bayan wata kamiyo. Matan garinmu ne, waɗanda suka yi zaman sansani. Na san wasunsu da goyo suka zo. Bayansu ba komi.

Wata ta ce, "Ina yayarki?"

Na ce, "Tana aiki gidan wata."

Ta ce, "Ta dace. Yaran fa?"

Na ce, "Duka suna nan."

Ta sake cewa, "Ta dace."

Na tafi da gudu in kai wa yayata wannan, don ta san abin da aka tsallake. Na iske ta tana shanya zannuwan Madam bisa igiya. Na faɗa mata. Ba ta juyo ba, ta ce, "Mutanen garinmu? Yau za su?"

Na ce, "Yanzu ma."

Ta saki zanen ya faɗi ƙasa. Ta ce, "Auta, gonata. In ruwa ya sauka ba wanda ya shuka ta da sunana, ƙannen mijina za su shuka, kuma wanda ya shuka bana shi ke da ita baɗi. Koma ki gaya wa matar limamin garinmu ta sa a jefa mini ko layi biyu ne, ta bakin tsamiya. Ki ce ina nan tafe."

Na ce, "Yaya, ko ki bi su? Yaran sun yi ƙarfi."

Ta dubi ɗakin Madam, ta dubi ƙaramar da ke wasa da ƙasa. Ta ce, "In ci mi kafin kaka? Rabona cikin buhunta yake. Yi gudu, ke dai."

Na yi gudu. Na iske wurin ba kowa sai sawun taya da wani takalmin roba ɗaya. Ruwa ya sauka a shekarar, ƙannen mijin suka shuka gonar. Yaran yayata duka sun rayu, ƙaramar yanzu tana da nata jikokin a Lamorde. Da aka sako mijin Madam aka ba shi wani buron, ƙarƙashin sojin nan dai, suka koma Filato, da yayata aka tafi.